Dutse Ne Ke Tsiro a Gonarmu, Ko Ƙasa Ce Ke Tafiya?

Wani matashi da ke karatu a nan Katsina, ɗan wani ƙauye a ƙasar Dutsin-Ma, ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Baba Malam, a gonarmu ta gado akwai duwatsu uku. Baffana ya ce yana yaro, wajen shekara 50 ke nan, ƙoƙon kansu kawai ake gani. Yanzu babban ya kai rabin ƙwauri. Shi ya haƙiƙance dutse tsiro yake yi kamar shuka. Ga kuma kwazazzabo ya ɓullo ta gefen gonar, cikin damina uku ya cinye mana kunya kusan 20. Shin dutse na girma? Ƙasar da ruwa ke kwashewa kuma ina take zuwa?"

Ɗana, ka gaishe mini da baffanka, ka ce masa idonsa bai yaudare shi ba. Abin da ke waje na dutsen nan yau ya fi abin da ya gani yana yaro. Fassarar kawai za mu gyara. Dutsen bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba, ƙasar da ta lulluɓe shi ce ta ragu. Kamar kututturen da ke tsakiyar tafki ne da kaka: ruwa na janyewa yana ƙara bayyana, alhali yana nan yadda yake.

In ka je gida, ka durƙusa gindin babban ka dubi launinsa. Samansa za ka tarar ya yi duhu, rana da ruwa da gansakuka sun daɗe suna aiki a kansa. Ƙasa-ƙasa kuwa akwai zobe mai haske ko ja-ja, wurin da bai daɗe da fitowa sarari ba. Ka duba itatuwan gonar ma. In saiwar ɗorawa ko ta tsamiya ta fito fili har akuya na kwanciya a ƙarƙashinta, ka san saiwa ba ta tsira a iska; da can ƙasa ce ta rufe ta. Mu ƙaddara abin da ya tafi santimita 20 ne cikin shekara 50. Milimita 4 ke nan a shekara, abin da ido ba ya kamawa. Amma milimita 1 kacal a faɗin hekta guda ya kai tan 13 zuwa 15 na ƙasa, wato buhu 130 zuwa 150 masu kilo ɗari-ɗari. Da ɓarawo ne ya shigo gonar ya fita da buhu sama da 500 kowace damina, da tuni an kwana gadi.

To su duwatsun daga ina? Yawancin jihar Katsina, in ka cire gefen arewa inda yashi da tsohuwar laka suka rufe, zaune take kan tsohon dutse mai tauri. Manyan duwatsun da ka saba gani a Dutsin-Ma, da na Kwatarkwashi a Zamfara, da Kufena a Zariya, irin wanda masana ke kira giranit ne. Narkakke ne da ya sandare can cikin ƙasa, kilomitoci a ƙarƙashin inda ƙafa ke takawa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ka tsaya ka auna wannan magana. Kafin a ga kan dutsen Dutsin-Ma a fili, sai da aka kwashe duk kilomitocin da ke bisansa, kaɗan-kaɗan, da ikon Allah. Abin da ke faruwa a gonarku ƙanen wancan ne.

Ɗauki ɓallin giranit ka kalle shi a rana. Iri uku za ka gani a cakuɗe. Akwai ƙwayoyi masu sheƙi kamar fasasshen gilashi, akwai masu fari ko ruwan hoda da suka fi yawa, sai baƙaƙe masu ƙyalƙyali. Ruwan sama kan haɗu da iskar da ke cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye ya yi ɗan tsami, wanda harshe ba zai ji ba, amma dutse na ji. Masu ruwan hodar nan su ne ke fara sallamawa, su ruɓe su koma yumɓu. Farar ƙasar Ƙanƙara da ake haƙa ana sayarwa daga nan ta fito. Baƙaƙen akwai ƙarfe a jikinsu, sai su yi tsatsa, shi ya sa ƙasarmu ta yi ja. Masu kama da gilashin ne ba sa ruɓewa. Da abokan zamansu sun watse sai su zube ɗai-ɗai, su ne yashin da ke cikin rafi. Yumɓun da ake gina tukunya, jar ƙasar da ake yin tubali, da yashin da tifa ke kai wa magina, duk uwarsu ɗaya.

Wanda ya fi kowa sanin wannan a ƙauye shi ne mai haƙar rijiya. Na sha kai ɗalibai bakin sabuwar rijiya don su dubi tarin ƙasar da aka fitar, domin gani ya kori ji. Da farko ƙasar noma mai duhu, sai jar ƙasa, wani wurin a ci karo da marmara. Can ƙasa sai a iske wani abu da mahaƙa ke kira ruɓaɓɓen dutse. Kamanninsa na dutse ne sak, har ƙwayoyin nan uku kana gani a jere yadda suke, amma in ka matsa shi a tafin hannu sai ya rududduge kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Na ga ɗalibin da ya yi shiru ya daɗe yana kallon garin a hannunsa, don bai taɓa zaton dutse na ruɓewa ba. A cikin wannan ruɓaɓɓen ne rijiyoyinmu ke samun ruwa. Da an kai ga dutse mai rai, diga ta fara tartsatsi, haƙa ta ƙare.

Yanzu ga sirrin duwatsunku uku. Giranit yana da tsaga a jikinsa, a tsaye da a kwance, kamar an yanka alkaki gida-gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Yakan bi tsagar nan ya riƙa cin kowane yanki daga waje zuwa ciki, kuma kusurwa ce ke fara tafiya tunda ta fuska uku ake cin ta. Ka lura da sabulun sanda: sabo yana da kusurwoyi, bayan mako guda ya mulmule. Haka ake samun mulmulallun duwatsu kwance a cikin ruɓaɓɓen dutse, a binne, ba wanda ya san da su. Ran da ruwa ya wanke laushin da ke kewaye da su sai su bayyana. Duwatsun da kake gani an ɗora wani kan wani a hanyar Dutsin-Ma, har mutum ya ce hannu ne ya jera su, a cikin ƙasa aka sassaƙa su kafin a tone su.

Littattafan makaranta kan ba zafin rana babban rabo a fasa dutse. Yana da nasa, ban musa ba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Katsina, fuskar dutse kuma ta fi haka nesa, da dare ta huce. Bayan dutsen na buɗewa yana tsukewa, cikinsa bai motsa ba, har wata rana ɓawo ya ɓantare. Masu fasa dutse sun san haka, shi ya sa suke hura wuta a kan fa kafin su sa guduma. Saiwar gamji da ta ceɗiya ma kan kutsa cikin tsaga ta buɗa ta. Amma a ganina, bayan shekarun da na yi ina duba ramuka da bakin hanyoyi, ruwan da ke kwance shiru a cikin ƙasa ya fi su duka aiki. Dutsen da ya fito sarari yakan bushe da wuri bayan ruwa, sai ya daɗe. Wanda ke binne cikin danshi shi ne ke ruɓewa. Aikin kuma na haƙuri ne ƙwarai: santimita guda ta ƙasar noma kan ci ɗaruruwan shekaru kafin ta samu.

Nan ne damuwata take. Abin da aka tara a ɗaruruwan shekaru, damina biyu ko uku kan tafi da shi in ƙasa ta zauna tsirara.

Katsina da Daura kan samu ruwa wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, Funtuwa kan haura 1,000. Yawan bai kai na kudu ba, amma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka, da ƙarfi, kuma ruwan farko kan tarar da gona a share tas, an kwashe kara, dabbobi sun lashe abin da ya saura. Babban ɗigon ruwa yana faɗowa da gudun da ya kai kilomita 30 a awa. Ka dubi gindin katangarku bayan ruwa, za ka ga yashi ya fantsama ya manne har kusan gwiwa. Ka kuma duba fili: kowace 'yar tsakuwa tana zaune kan ɗan ginshiƙin ƙasa, don ta kare abin da ke ƙarƙashinta, na gefe ya tafi. Ɗigon nan yana farfasa curin ƙasa, garin ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, fuskar gona ta yi ɓawo. In abin ya daɗe sai wurin ya zama faƙo. Ruwan da ya rasa hanyar shiga kuwa dole ya nemi gangare.

Da farko shimfiɗe yake tafiya, yana ɗauke da mafi laushi kuma mafi amfani, wato yumɓu da taki, ya bar wa manomi tsakuwa. Shi ya sa za ka ji ana cewa gona ta gaji. Sannan ya tattaru a sawun shanu, ko turbar masu zuwa rafi, ko tsakanin kunyoyin da aka ja suna kallon gangare. Da ya taru sai ya yi sauri, saurin ruwa kuma ba a raina shi. Ƙa'idar da masana suka daɗe da ita ita ce, in gudun ruwa ya ninka biyu, nauyin dutsen da zai iya turawa kan ninka har sau 64. Wanda ya ga abin da ambaliyar Jibiya ta yi a watan Yulin 2018, cikin dare ɗaya, rayuka sama da 40 da gidaje masu yawa, ba ya buƙatar a yi masa lissafi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kwazazzabo yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka fahimta tun kafin ka ɗauki shebur. Da baya yake tafiya, yana hawa tudu. Ka dubi inda indararo ke zuba a tsakar gida, yadda yake haƙa rami. A kan kwazazzabo haka ruwa ke faɗawa daga sama, ya daki gindi, ya rarake ƙasar ƙasa wadda ta fi ta sama taushi, leɓen ya rage a rataye. Ruwa na gaba sai leɓen ya rufta, kan ya matsa gaba taku biyu ko uku zuwa cikin gona. Gefunansa ma suna zubewa, 'ya'ya na fitowa dama da hagu. A ƙauyen kakannina na wajen uwa na ga wanda ya faro daga kwalbati guda. An yi hanya, aka tattara ruwan fili mai faɗi aka bi da shi ta bututu ɗaya, aka sake shi a gonar mutane ba tare da an shimfiɗa ko dutse ɗaya a bakinsa ba. Shekarar farko yaro na tsallake shi. Kafin shekara 10 raƙumi zai shige ciki ba a hango shi ba. Har yau in na tuna raina na ɓaci, domin tifa biyu ta dutse a ranar da aka gama aikin da ta wadatar. Masu ɗibar yashi a cikin rafi su ma suna da hannu: in aka zurfafa cikin rafi, duk ƙoramar da ke zuba a ciki sai ta zurfafa nata don ta tarar da shi, abin ya bi ta har gonaki.

Ka tambayi inda ƙasar ke zuwa. Ruwa ɗan dako ne, inda ƙarfinsa ya ƙare nan yake sauke kaya, kuma mai nauyi yake fara yarwa. Cika kwalba da ruwan kwazazzabonku ranar da aka yi ruwa, ka girgiza ka ajiye. Yashi zai kwanta kafin ka ƙirga 30. Mai laushi zai ɗauki awoyi. Yumɓu kuwa sai ya kwana biyu ruwan bai washe ba. Haka abin yake a fili. Tsakuwa da yashi suna tsayawa kusa, sau da yawa a gonar maƙwabcin da ke ƙasa da ku, su binne masa shuka. Laka kan yi nisa, ta kwanta inda ruwa ya bazu ya huce. Fadama ke nan. Baƙar ƙasar da ake noman rani a kanta, tumatir da albasa da alkama, dukiyar tudu ce da ta gangaro shekara da shekaru.

Ƙoramu da yawa na yankinku a kogin Karaɗuwa suke zubawa, a kansa kuma aka gina madatsar Zobe da aka kammala a 1983. Ruwa na shiga tafkin madatsa yake tsayawa cik, ya sauke duk abin da ya ɗauko. Kowace damina cikin tafkin na ƙara cikewa, wurin ajiye ruwa na raguwa, kuma wannan ciwo ne na kowace madatsa, har da Ajiwa da birnin Katsina ke sha daga gare ta. Abin da ya tsallake yakan bi Bunsuru ya faɗa Rima. Kogin Gada shi ma, bayan madatsar Jibiya, yakan shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da Rima. Daga nan sai Sakkwato, Argungu, Birnin Kabi, har kogin Kwara. Da can lakar kan wuce har bakin teku, inda irinta ta taru ta gina ƙasar Neja Dalta. Tun 1968 madatsar Kainji ke tare mafi yawanta a hanya.

Ta wajen Daura, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure kuwa, iska ce ke da babbar murya. Jigawar da ake noman gero a kanta a can tsofaffin tuddan yashi ne. Tsakanin shekara 20,000 da 12,000 da suka wuce Sahara ta sauko kudu da inda take yau da ɗaruruwan kilomitoci, iska ta jera yashi tudu-tudu. Da damina ta dawo ciyawa da itatuwa suka ɗaure su. Ɗaurin ne kawai ke riƙe da su, in an kwance za su tashi. Manomin Daura ya san iskar da ke zuwa gaban hadarin farko, yadda take kwasar yashi ƙasa-ƙasa, iyakar gwiwa, ta yanke gero ɗan kwana 10 ko ta binne shi, a sake shuka. Garin ƙasar da ya fi laushi a wancan zamani ya wuce kudu ya sauka, yana cikin abin da ya ba ƙasar Funtuwa laushin da auduga da masara ke so.

Iskar ba kwasa kaɗai take yi ba, tana kawowa. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tabarma da gilashin mota, yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Wurin gindin tsohon Tafkin Chadi ne, wanda kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Da ya ƙafe ya bar farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi. Wani ya sauka a gonakinmu ya ƙara musu ɗan sinadari, wani ya ƙetare teku. Binciken da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 2015 ya ƙiyasta kusan tan miliyan 28 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka kowace shekara. Hazon da ke sa mu tari, taki ne a wata nahiya.

A cikin birni ma kana iya ganin aikin. Ragowar ganuwar Katsina, inda ba a rushe ta da hannu ba, ta zama tudu mai kwantaccen baya, ruwa ya zana mata layuka, ƙasarta ta koma gindinta. Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka gina ta ita ma, tana tsaye ne don ana kula da ita ana yi mata yaɓe.

Abin da zan ce ku yi a gonar, daga sama za ku fara, inda ruwan ke taruwa. Kwazazzabo a wurin da ya ɓullo ake ganinsa, amma a tudu ake haifarsa. Ku bi sawun ruwan ranar da aka yi ruwa ku ga ta ina yake shigowa. Kunyoyi su gitta gangare, kada su bi shi. Ku jera duwatsu layi-layi a gicciye, tsayin tafin hannu ya isa, ku dasa gamba ko jema a bayansu. Ruwa zai wuce a hankali, ƙasa ta tsaya. Na san kara kuɗi ne, abincin dabba ne, danga ce, makamashi ne, ba zan ce a bar shi duka ba. Ko kashi ɗaya cikin uku aka bari kwance a wuraren da suka fi gangare, za a ga bambanci. Lokacin sassabe kuma kada a tumɓuke kowane tsiron sabara da kalgo da gawo. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bar su su tashi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram da wannan dabara suka mayar da itatuwa a wajen hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Gawo ma ba ya gasa da gero, da damina yake zubar da ganye.

Shi kansa kwazazzabon, ku fara da kai. Ku sassabe leɓen da ke rataye ya zama gangare mai sauƙi, ku shimfiɗa duwatsu a inda ruwa ke faɗawa. A cikinsa ku yi ƙananan shingaye na dutse ko buhunan yashi, da yawa, kowanne kada ya wuce gwiwa, tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a kuma cusa gefunan cikin bango sosai. Babban shinge guda ɗaya ruwa kan zagaye shi ya buɗe sabuwar hanya. Kada a zuba shara da leda da sunan cikewa. In yashi ya taru a bayan kowane shinge, ku dasa jema a kai tun damina ba ta ƙare ba. Ku yi magana da masu gonakin da ke sama da ku, don ruwan nasu ne ke zuwa muku. In kuwa zurfinsa ya wuce tsayin mutum, ko ya doshi gidaje ko hanya, ya fi ƙarfin gayya. Ku kai maganar ga mai gari da ƙaramar hukuma a rubuce, da hotuna.

Kafin ruwan farko, ka samu fenti ka ja layi a jikin babban dutsen daidai inda ƙasa ta tsaya, baffanka na tsaye yana gani. Ka kafa turke taku 10 daga kan kwazazzabon, ka rubuta ranar. Bayan an yi girbi ku koma tare ku auna duka biyun, ka aiko mini da abin da kuka samu.